Baƙin da Ba Sa Amsa Sallama

Shekarar da muka tashi daga gidan gado na Kumbiya-Kumbiya muka koma namu na kanmu a Jekadafari, ita ce shekarar da maigidana ya kamu da ciwon gumaka. Ni ciwo nake kiransa. Shi kuwa ado yake cewa, in kuma ka kuskura ka ce gunki a gabansa sai ya ɓata rai ya gyara maka: "Sassaƙa."

Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, kowane ma'aikaci yana neman abin da zai nuna cewa shi ma ruwan ya taɓa shi. Wasu babur, wasu firji ko da unguwarsu ba wuta. Maigidana yana ofishin ayyuka, masu gyaran hanya da gine-ginen gwamnati, ni kuma ina koyarwa a wata firamare. Aka ƙara masa girma, aka tura shi kwas Ikko, ya sauka a gidan wani babban ma'aikaci. Da ya dawo na zauna in ji labarin teku da gadoji, sai ya ba ni labarin falon mutumin.

"Malama," haka yake kirana, "in kin shiga falon nan ba sai an gaya miki mai gidan ya yi karatu ba. Kowace kusurwa da mai tsayuwa a cikinta."

"Masu gadi?"

"Sassaƙa. Ta dauri, da ta zamanin Turawa, da ta yanzu. Ya ce falon da ba shi da ukun nan zaure ne kawai aka sa wa kujeru."

Ni a lokacin na ɗauka mun gama ado. Ina da jeren kwanukana a kabad, sun kai har rufi, ga labule mai furanni, ga leda a ƙasa. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, ina zaton zancen zai bi iska kamar na kiwon talotalo da ya taɓa ɗaukowa.

Bai bi iska ba. Wani Bature da ke aiki a gidan gurzar auduga zai koma ƙasarsu, aka yi gwanjon kayansa. Mutane suka dawo da fanka da gadaje, maigidana ya dawo da kan mutum. Leburori biyu suka shigo da shi suna nishi. Farin dutse ne, wani tsoho mai sanƙo da gemu, an yanke shi daga ƙirji, ba hannu, idanunsa fari fat ba ƙwaya. Aka ɗora shi a kan tebur kusa da taga.

"Wane ne?" na tambaya.

"Wani masani ne."

"Masanin me?"

"Ba a rubuta ba."

Daga baya muka ji cewa Baturen ma bai san shi ba. A gidan ya tarar da shi, hularsa yake rataya masa.

Ranar Juma'a surukata ta zo, kamar yadda ta saba. Inna muke kiranta. Bafulatana ce ta sosai, maigidana kuma ɗan farinta ne, saboda haka ba ta faɗar sunansa, sai dai ta ce "mutumin gidan nan". Idanunta sun fara yana. Ina madafa na ji ta yi sallama a falo, sai kuma na ji muryarta ta sauka ƙasa.

"Sannu da hutawa."

Shiru.

"An zo lafiya? Ina gajiya?"

Shiru. Can sai ga ta a bakin madafa, ta ja mayafi har goshi.

"Ke, baƙon mutumin gidan nan kurma ne, ko girman kai ne?"

"Inna, dutse ne."

"Ai na ga alama."

Sai da na yi dogon bayani kafin ta gane cewa dutsen nake nufi na gaske. Na ce ta zo ta taɓa ta ji, ta ce ita ba ta taɓa namijin da ba muharraminta ba. Ganewar kuma ba ta canza komai ba. Ta ce dutse ne ko ba dutse ba, gemu gare shi, ba za ta sauke mayafi ko ta kai loma baki yana kallonta ba. Na ɗauko buhu zan rufe shi, ta hana, wai rashin mutunci ne a kifa wa dattijo buhu. A ƙarshe muka daidaita a kan in juya fuskarsa bango in sa masa hula. Haka ya zama aikina na kowace Juma'a. In rungume shi in murɗa kafin Inna ta iso, maigidana ya dawo ya murɗo shi, har teburin ya yi zobe.

Na biyun da ƙafarsa ya zo, in ji masu magana. Wata safiya wani manomi daga Kwadon, ɗan uwan maigidana na nesa, ya jingine kekensa a ƙofar gida ya ɗaga murya yadda duk layin za su ji: "Nan ne gidan mai sayen kai?"

Na fito da gudu na ce ya rufa mana asiri ya shigo. Ya kwance buhun taki ya fito da wani kan yumɓu, bai fi ƙaramin duma ba. Wurin haƙa rijiya ya same shi, ya jefar a jeji, sai ya ji labarin akwai mai tara irinsu a gari. Idanunsa ramuka ne, bakinsa a buɗe kamar wanda aka katse yana tsakiyar ƙorafi. Maigidana ya karɓe shi da hannu biyu, ya sa na ɗinka masa matashi na karammiski, aka ɗora shi a kan rediyo.

Ba wanda ya san shekarunsa, don haka maigidana ya riƙa ba shi. Baƙin farko an gaya musu ya girmi garin Gombe. Kafin damina ta faɗi ya girmi zuwan doki ƙasar nan. Da kaka ta yi, saura kaɗan ya gaisa da mutanen Annabi Nuhu.

Ana nan sai zanzaro ya gina ɗaki a kunnensa na hagu. Na ɗauko tsinke zan kankare, maigidana ya shigo.

"Tsaya! Ɗan kunne! Ikon Allah, ban taɓa lura ba sai yau."

"Malam, zanzaro ne. A gabana ya gina."

Ya sunkuya ya duba, ya ga mai ginin ya leƙo. Sai ya ce laka ce a kan laka, ba mai iya cewa ga inda ta da ta tsaya ga inda ta yau ta fara, kada in taɓa. Daga ranar tagar falo ba ta rufuwa da rana, don kada a tare wa zanzaro hanya. Manyan mutane suna zaune a kushin suna shan lemo, sai ka ga sun duƙa gaba ɗaya kamar an ce a yi ruku'u.

Saura ta yanzu. Maƙwabcinmu na jikin katanga malamin zane ne a sakandaren maza, Kirista, mutumin wajen Kaltungo, a Zariya ya yi karatu. Dogo ne, ba ya son yawan magana. Matarsa unguwarzoma ce a asibiti, ƙawata ce, muna kai musu naman layya su kawo mana shinkafar Kirsimeti. Shi maigidana ya roƙa ya ƙera masa abin zamani. Mutumin ya yi ta yawo garejojin bakin tasha yana tsintar ƙarafa, bakin garma, sarƙar keke, sifirin na mota, har da wani tsohon murfin tukunya. Ya ɗauki mai walda suka shiga bayan gidansa, makonni muna jin ƙara muna ganin tartsatsi.

A amalanke aka kawo abin, yaran unguwa na biye. Ya fi ni tsawo, ya karkata gaba, ƙarafa sun fito masa ta ko'ina. Maigidana ya zagaya shi ya ce, "Malam, me ke nan?"

Malamin zane ya yi murmushi ya ce, "Abin da ka gani."

Amsar nan ta yi wa maigidana daɗi ƙwarai, ya riƙe ta yana ba duk wanda ya tambaya. Ni kuwa abin da na gani shi ne babu zanen da nake da shi da abin nan bai ɗanɗana ba. In na bi ta dama ya kama ni, in na bi ta hagu ya kama ni.

Haka muka zauna da baƙinmu uku har na haifi 'yata ta biyu. Mai raɗa suna a danginsu Baffa ne, ƙanin mahaifin maigidana, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Malami ne, ciwon ƙafa ya hana shi zuwa sabon gidan sai a wannan karon. Ana jibi suna aka kawo shi. Ya ɗaga ƙafa zai shiga falo, ya tsaya da ita a sama, ya mai da ita inda ya ɗauko ta.

"Mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da gunki," ya ce. "In su ba su shiga ba, ni a wa?"

Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, ya ce ba zai raɗa suna ba sai an san matsayin waɗannan. Maigidana ya ce ai a ƙofar gida za a yi taron. Baffa ya ce jaririyar a ɗakin da ke jikin falon take kwana, bangon kuma bulo ɗaya ne. Aka aika aka kira limamin unguwa, wanda bai kai Baffa shekaru ba amma ya yi karatu a Kano. Ni ina ɗaki a bayan labule da jaririya a cinya, ina jin komai.

Baffa ya ce maganin gunki sananne ne, a cire masa kai. Liman ya leƙa falo ya dubi Baturen dutse, ya dubi na Kwadon.

"Allah gafarta Malam, in an cire wa waɗannan kai, me zai rage?"

"Tebur da rediyo."

Liman ya ce abin da ake nufi shi ne a bar siffar yadda mai rai ba zai rayu a cikinta ba, kai kuwa ba ciki ba ƙafa ba ya rayuwa. "An riga an sare su, Malam. Ta ƙasa ne dai aka saro."

Baffa ya ce shi a littafi cire kai daga jiki ya karanta, bai karanta cire jiki daga kai ba. Liman ya ce ɗaya ne. Baffa ya ce in ɗaya ne, me ya sa aka rubuta ɗayan aka bar ɗayan? Suka yi ta yi har aka kira azahar, suka tafi masallaci tare, suka dawo suka ɗora daga inda suka tsaya. Da na ga rana na yi, ga mata sun fara surfe, na yi gyaran murya daga bayan labule.

"Baffa, in mahauci ya yanka rago aka kawo mana kan, rago ne a gidanmu ko kan rago?"

"Mai jego ba ta fatawa," in ji shi. Amma na ji ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ba a jima ba kuma ya ce kawunan su zauna. Sharaɗinsa ɗaya, kada a ƙara sa wa na dutsen hula, don hula girmamawa ce. Inna, wadda ke zaune kusa da ni, ta ce ita kuma ba za ta zauna ɗaki ɗaya da dattijo kai ba hula ba. Aka yi sulhu a kan ranar Juma'a kaɗai. Ana cikin haka zanzaro ya wuce ta saman rawanin Baffa ya shige taga. Baffa ya bi shi da ido ya ce duk cikinsu wannan ne kaɗai mai rai, shi kuma ba laifi a kansa.

Sai aka zo kan na ƙarfe. Tunda an wanke biyu, Baffa ya yarda ya shiga da sandarsa. Ya zagaya abin yana neman inda kai yake, bai samu ba. Ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani. Maigidana ya ce ci gaba ya gani.

"Ci gaba yana da rai?"

Maigidana ya ce bai sani ba. Liman ya ce shi bishiya ya gani wadda iska ta kwantar. Inna ta leƙo ta ce saniya ce tana haihuwa, ga ma ƙafar ɗan maraƙin nan ta fito. Aka ce to a kira wanda ya yi.

Malamin zane ya zo da alli a hannunsa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gai da Baffa.

"Ɗana, me ka ƙera?"

"Baba, abin da mutum ya gani."

"Ban tambaye ka abin da na gani ba. Kai da ka riƙe ƙarfen, me ke ranka?"

Ya sunkuyar da kai. "In na faɗa, Baba, kowa zai daina kallo."

Baffa ya lallaɓa, liman ya lallaɓa, maigidana ya yi masa magana da Turanci, mutumin nan bai ƙara ko kalma ba. Baffa ya daɗe yana kallon abin. Can ya buga sanda a ƙasa ya ce tunda maƙerin ya ƙi faɗa, nauyin ya koma kan mai kallo. Wanda ya ga bishiya, bishiya gare shi. Wanda ya ga mai rai, shi ya ƙera gunki da idonsa, alhakin kuma nasa ne.

"Ni dai bishiya na gani," ya ce.

"To saniyar fa?" in ji Inna.

"Ki daina ganinta."

Kafin ranar suna hukuncin ya zaga Jekadafari. Duk wanda ya sa ƙafa a falo sai ya ɗaga murya don a shaida: "Masha Allah, bishiya!" Wasu suka wuce nan. Wani ya ce tsamiya ce, wani ya ce a'a, dubi rassan, ɗorawa ce, wani akawu ya rantse akwai irinta sak a gonar ubansa. Wata yarinya ta nuna ta ce, "Ga hannu," uwarta ta toshe mata baki. Da falon ya cika, mutane suka fara rataya huluna da mayafai a jikin abin.

Malamin zane ya zo sunan, ya ci kaɗan, ya tafi. Daga nan ya daina shigowa dara da maigidana da yamma. In sun haɗu a ƙofa su gaisa lafiya lau, amma ba ya wuce zaure.

Da na yi arba'in na shiga gidansu yi wa matarsa godiya, don ita ta karɓi haihuwar. Ba ta dawo daga aiki ba, na tarar da shi a gindin mangwaro yana gyaran kujera. Na ce, "Malam, ko mun yi laifi ne?" Ya ce ko kaɗan. Ya ci gaba da buga ƙusa. Har na miƙe zan tafi sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Uwata ce."

Ya ce tana saukowa daga dutse ne da dammin itace, yadda ya saba hango ta yana yaro, ta sunkuya saboda nauyi. Murfin tukunyar nata ne na gaske, shi kaɗai ya ɗauko daga ɗakinta bayan ta rasu.

"Da Inna ta ce saniya ban ji komai ba," ya ce. "Aƙalla ta ga wahala a wurin. Amma wani ya rataya hularsa a wuyanta."

Na koma gida na tsaya a bakin falo, sai ga ta. Ga bayan a lanƙwashe, ga itacen, ga hannu ɗaya ya tallafe dammin. Na rufe ido na buɗe, na koma ta wancan gefen, na yi iya ƙoƙarina in ga ɗorawa, ba ɗorawa. A hukuncin Baffa kuwa ni ce yanzu mai gunki a gidan. Na gaya wa maigidana, ya ce in ƙara kallo da kyau zan ga ci gaba. Da abin ya dame ni na goya jaririya na tafi Kumbiya-Kumbiya na sami Baffa a zaurensa, na zayyana masa duka.

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Ƙafar hagu take ja."

"Baffa?"

"Tsohuwar. Tun daga bakin ƙofa na gan ta. Mai ciwon ƙafa ai ba ya ɓace wa ɗan'uwansa."

"Amma ka ce bishiya."

"Jibi suna, an sayi rago, an gayyaci mutane, ga ɗan mutane a durƙushe a gabana idonsa ya kawo ruwa. Me kike so in gani?" Ya ce tun ranar yake istigfari, in ƙara da nawa, Allah mai gafara ne. Ya karɓi jaririyar ya tofa mata addu'a ya ce in gai da mutanen gida.

Ba a daɗe ba aka ƙirƙiro sababbin jihohi, aka mai da maigidana Bauchi. Ranar kwasar kaya aka fitar da komai, aka zo kan tsohuwar, ta ƙi fita. A tsakanin nan maigidana ya sa an cire ƙofar falo ta katako an sa ta ƙarfe saboda ɓarayi, sabuwar kuma ba ta kai ta katakon faɗi ba. Aka kwantar da ita, aka karkata ta, aka gwada ta taga. Leburori suka ce ko dai a yanka ta biyu ko a fasa bango. Maigidana ya ce ba mai taɓa masa bango. Aka kira malamin zane, ya ce in dai yanka ne, gara a bar ta inda take.

Muka bar ta. Baturen dutse ya samu gidan gaba kusa da direba, don maigidana ya ce a baya zai fashe, kan Kwadon kuma a cinyata ya yi tafiyar, jaririya na baya. A wani shinge ɗan sanda ya leƙo, ya ga farin dattijo zaune a gaba, ya ƙame ya sara masa ya ce mu wuce.

Gidan wani tela muka ba haya, da sharaɗin ba zai taɓa abin da ke falo ba. Ya ce shi da ya samu haka ai ya gode. Da muka zo hutu na farko na leƙa in ga gidan, na tarar ya naɗe duk bakin ƙarafan da ƙyallaye, ya mai da ita abin gwada ɗinki. Ranar tana sanye da leshi ruwan hoda na wata amarya, da gwaggwaro a inda telan ya yanke shawarar kai yake. Na tuna da maganar hular da aka rataya mata a wuya. Na shiga maƙwabta ina shirya kalmomin ban haƙuri.

Matar malamin zane ta tare ni da dariya. Ta ce mijinta kullum in ya taso daga makaranta sai ya bi ta tagar telan ya ga abin da aka sa mata yau. Shi da kansa ya fito, muka gaisa, na fara cewa zan yi wa telan magana.

"Kada ki yi masa, Malama," ya ce. "A rayuwarta zane biyu gare ta. Makon jiya shadda ta sa."